Kwalaben Lamba Shida

Shekara ashirin da bakwai Goggo ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwajin ruwa na jami'a, ba a taɓa rubuta mata takardar tuhuma ba sai da ya rage mata wata biyar ta yi ritaya. Laifin da aka rubuta a ciki shi ne ta ƙi wanke kwalabe goma sha huɗu. Ita kuma ba ta musa ba. Ta ƙi ɗin.

Da shara ta fara aiki a wurin, tana goyon 'yarta ta biyu. Wani tsohon ma'aikaci, wanda ciwon baya ya hana shi doguwar tsayuwa a bakin famfo, shi ya lura da yadda take goge taga ba ta barin zane. Ya ce ta zo ya koya mata wanki. Ta yi dariya, ta ce ita da ke wanke kwanukan mutum tara a gida, wa zai koya mata wanki? Ya miƙa mata kwalba, ta wanke ta ɗauraye har tana ɗaukar ido. Ya zuba ruwa a ciki ya juye, ya ɗaga ta saitin taga. Ruwan ya tsaya ɗigo-ɗigo a jikin gilashin.

"Kin gani?" in ji shi. "Idan gilashi ya fita, ruwa shimfiɗewa yake yi a jikinsa ya sauka bai ɗaya. Idan ya tsinke ya yi ƙwaya-ƙwaya, to akwai abin da ke maƙale, ko idonki bai gan shi ba."

Daga nan ta koyi sauran: sabulu da burushi, ruwan famfo sau uku, jiƙo a asid kwana guda, tataccen ruwa sau uku, sannan a kife. Asid da sabulu suka cinye zanen yatsunta, har na'urar dangwala yatsa da aka kafa a bakin ƙofa ba ta gane ta, kullum sai mai gadi ya rubuta sunanta da biro. Ɗalibai sun zo sun wuce ta gabanta, da yawa sun zama daktoci, biyu sun zama farfesoshi, kuma babu wanda ba ta taɓa bin shi har kujerarsa da kwalba a hannu ba, saboda ya bar sinadari ya bushe a ciki. Ba ta da sauƙi, ba ta kuma taɓa cewa tana da shi ba. Sunan Goggo ma su suka laƙaba mata, don faɗanta irin na 'yar'uwar uba ne, ta yi maka tas a gaban mutane, ta dawo tana tambayarka ko ka karya.

A shekararta ta ƙarshe aka kawo aikin kogi. A saman gari an buɗe masana'antar batir, wadda ke aiki da wasu siraran bututai na sinadarin gawayi, ƙanana ƙwarai, sai an jera dubbai kafin su kai kaurin silin gashi. Ana so a san ko suna zubowa cikin kogin da unguwanni uku ke ɗiba. Ido ba ya ganinsu a ruwa, don haka aka sayo na'ura ta musamman. Tana haska abu da hasken leza, ta karɓi hasken da ya dawo, ta zana shi layi a fuskar kwamfuta. Kowane sinadari da irin tudun da yake tayarwa a layin. Idan bututan suna nan, layin zai miƙe sama a wuraren da aka sani, idan babu su ya kwanta. Aka ware wa na'urar ɗaki mai sanyi, aka saka mata labule, aka hana shiga da takalmi. Goggo ta leƙa ta ga irin gatan, ta sa mata suna Gimbiya. Sunan ya bi ta, har Farfesa shugaban sashe haka yake kiranta.

Duk Litinin direba ya kawo kwalabe tara daga wurare tara na kogin, kowace da lambarta. Gimbiya kuwa ba ta sauraron ruwan kogi sai Juma'a, don wasu sassan ma suna bin layi. Kwalaben sai su kwana huɗu a firji. Ran Juma'a ɗalibar da ke aikin, wata siririya da ake kira Tabarau, ta tsiyaye ruwan a hankali ta cikin takardar tacewa, ta kai takardar gaban Gimbiya, kwalaben kuma a turo wa Goggo a kwando. Mako ya bi mako, layi yana kwance. Kowa ya fara cewa kogi lafiyarsa lau.

A wata na biyu Goggo ta lura da wani abu. Kwalabe takwas suna fita a wanki ɗaya. Ta lamba shida kuwa sai ta yi mata biyu, wani lokaci uku, ruwa yana ta tsinkewa a jikinta. Idan ta karkata ta saitin taga kafin ta sa sabulu, takan ga wata inuwa toka-toka a zagaye, daidai inda ruwan ya tsaya kwana huɗu. Ba laka ba ce, ta san laka. Ba mai ba ne, mai yana bin sabulu. Ta tare direba ran Litinin.

"Kai, lamba shida ɗin nan daga ina kake ɗebo ta?"

"Ƙasan magudanar masana'anta, Goggo. Wurin da nake shiga da dogon takalmi."

Ta sami Tabarau tana cin biskit a tsaye, idonta duk ya faɗa. Ta nuna mata kwalbar.

"Goggo, ki ƙara sabulu mana."

"'Yar nan, ni za ki yi wa bayanin sabulu? Ba a haife ki ba na fara shaƙar shi. Cewa nake yi abin da kuke nema ko yana jikin kwalba."

Tabarau ta gyara gilashinta, ta kalli kwalbar, ta kalli ƙofa. "A ƙa'idar da aka ba ni, ruwa aka ce a tace. Ba a ambaci kwalba ba. Ki gaya wa Dokta, ni ba zan iya ba."

Dokta shi ke kula da aikin. Matashi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, shi ya rubuta ƙa'idar da hannunsa, kuma kullum sauri yake yi, makullai suna ƙara a yatsansa. Goggo ta tare shi a baranda. Bai karɓi kwalbar ba, ya dai sunkuyo ya kalle ta a hannunta.

"Goggo, na'urar nan tana ganin abin da idonki ba zai gani ba ko za ki shekara ɗari kina kallo."

"Tana ganin abin da aka kai mata, Dokta. Kwalbar wa ya kai mata?"

Ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. "Ki wanke, shi ne aikinki. Idan ta gagare ki, ki ce a sayo miki sabon burushi."

Aka kuwa sayo. Washegari mai kula da sito ya kawo mata shi a leda, da saƙon wai Dokta ya ce a ba ta mai ƙarfi. Wannan burushin ya fi maganar ƙona mata rai. Da zaginta ya yi, da ta san abin da za ta mayar masa. Ta yi amfani da shi makonni, tana dirzar lamba shida tana kallon ruwan yana bin rariya. Ranar wata Juma'a ta ɗaga kwalbar, ta ga inuwar ta fi ta kullum duhu, sai kawai ta mayar da murfin ta ɗaure. Ta yanki tef ta rubuta kwanan wata, ta manna, ta tura kwalbar can ƙuryar kabad ɗin da ke ƙarƙashin famfo. Juma'a ta gaba ta ƙara wata. Ba ta san me za ta yi da su ba. Hannunta ne dai ya ƙi.

Mako goma sha huɗu ana haka, sai mai sito ya kai ƙorafin kwalabe suna ƙarewa. Dokta ya zo da kansa ya buɗe kabad. A lokacin an gama rubuta rahoton da ke cewa babu komai a kogi, sa hannun Farfesa kawai ake jira. Kwana biyu bayan nan aka miƙa wa Goggo ambulan: sakaci da aiki, ɓoye kayan gwaji marasa tsabta, ƙin bin umarni. An ce ta bayyana gaban kwamiti ran Laraba.

Da la'asar a tsakar gida autarta, wadda ke aikin jinya, ta karanta mata takardar sau biyu. Maigidanta yana zaune a kan tabarma da agogon wani a kwance gabansa, ya ɓare bayansa, don gyaran agogo ne sana'arsa.

"Sarauniyar famfo," ya ce bai ɗago ba, "yau ke ce da ƙazanta? Ke da kike tashina daga barcin rana don na bar kofi a taga?"

"Malam, ba wasa nake yi ba."

"Ni ma ba wasan nake ba. Wata biyar ya rage. Ki je ki ce a yi haƙuri, tsufa ne, mantuwa ce. Za su ce Allah Ya kyauta, kowa ya kama gabansa."

"In ce na manta? Da kwanan wata a jikin kowace?"

Auta ta ninke takardar. "Umma, idan ba a janye ta ba, a fayil ɗinki za ta zauna. Duk wanda ya buɗe, ita zai fara gani."

Abin da ke cin Goggo ke nan. Ba ta da gida nata, ba ta da takardar makaranta da ta wuce ta firamare. Abu ɗaya ta tara a duniya, wannan fayil ɗin da babu tabo a cikinsa, shi ne kuma yaron da aka haifa tana bakin famfo zai rufe mata shi da kalmar sakaci.

"Ba zan ba da haƙuri ba," ta ce.

Maigidan ya manna madubinsa a ido. "Na sani. Na dai faɗa ne don kada a ce ban faɗa ba."

Ran Laraba ta shiga ɗakin taro ɗauke da kwandon kwalabe a ka, da gorar tataccen ruwa a hannu. Mutum uku ne a teburin: Farfesa, Dokta, da jami'ar mulki mai rubuta bayanin zama. Tabarau tana rakuɓe a kujerar bango. Jami'ar ta ce ba a shigo da kaya ɗakin taro.

"Su ake tuhumata a kansu, Hajiya. Gara su ma su ji."

Farfesa ya danne dariya. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma yana cikin waɗanda ta taɓa bi da kwalba zamanin yana ɗalibi. Ya tambaye ta ko tana da abin faɗa. Ta ce ba ta iya dogon bayani ba. Ta ciro wankakkiyar kwalba daga aljihun rigar aikinta, ta zuba ruwa ta juye a gora, ta ɗaga saitin taga. Ruwan ya sauka sumul. Ta ɗauki ɗaya daga cikin na kwando ta karkata masa ita, ta nuna inuwar da farcenta.

"Takwas ba sa yin haka, ranka ya daɗe. Wannan kaɗai. Kuma ba ruwan kwalbar, don direba yana canza su. Duk wadda ta je lamba shida haka take dawowa."

Farfesa ya cire gilashinsa, ya kai kwalbar kusa da ido, ya daɗe yana juya ta. Sannan ya waiwayi Tabarau.

"Kwana nawa suke yi a firji?"

"Huɗu, yallaɓai."

"Kina girgiza su kafin ki tace?"

Ta kalli Dokta. "A'a, yallaɓai. An ce kada a girgiza, laka za ta toshe takardar."

Farfesa ya ajiye kwalbar a kan tebur. Duk wanda ya karanci irin waɗannan bututai ya san ba sa son zama a ruwa, suna dunƙulewa su manne a duk abin da suka samu. Yana cikin littattafan da ke jere a ofishin Dokta. Sun dai shagala da kallon Gimbiya, suka manta ruwan a cikin wani abu yake zuwa.

Farfesa ya ɗage zaman. Ya sa aka zuba wani ruwan sabulu na musamman a kowace kwalba, aka ɗora su a injin girgiza, aka tace abin da ya fito, aka roƙi wani sashe ya ba da ranarsa ta amfani da Gimbiya. Goggo ba ta shiga ɗakin sanyi ba, ba ta taɓa shiga ba sai don goge ƙasa. Tana bakin famfo tana aikinta Tabarau ta fito babu takalmi, ta tsaya a bayanta.

"Goggo, layin ya tashi."

"A nawa?"

"Goma sha ɗaya cikin sha huɗu. Kaɗan ne ƙwarai, amma suna nan." Ta cire gilashinta ta goge ido. "Wata bakwai ina tace ruwan da babu komai a cikinsa."

"To yi shiru haka nan. Kin karya kuwa?"

Ba ta kai ga amsawa ba Dokta ya shigo, fuskarsa a murtuke. Goggo ta tsane hannunta a rigarta, tana tsammanin ko kunya ta kawo shi.

"Na watanni ukun farko ina suke?"

"Na wanke."

"Kin wanke." Ya dafe kai. "Kin san abin da kika zubar a rariya? Samfurin wata uku, wanda ba za a sake samun shi ba har abada. Tun da kin ga wani abu, me ya hana ki ajiye tun daga farko?"

Goggo ta tsaya tana kallonsa. A aljihunta akwai takardar da ya sa wa hannu don ta ƙi wankewa, ga shi yanzu a gabanta yana tuhumarta don ta wanke. Ta miƙa hannu ta ciro burushin daga inda yake rataye, ta ajiye shi a kan tebur tsakaninsu.

"Ga shi nan, Dokta. Mai ƙarfi, kamar yadda ka ce a sayo. Da shi na zubar."

Ya juya ya fita.

Aka yaga rahoton farko aka rubuta sabo. Aka aika wa hukumar ruwa, aka gyara ƙa'ida, yanzu kwalba ma ana kai ta gaban Gimbiya. Baƙi suka riƙa zuwa ganin sabuwar hanyar, Dokta yana yi musu bayani da sanda a gaban allo. Farfesa ya kira Goggo ofis, ya ba ta kujera, ya ce za a sa sunanta a layin godiya a ƙarshen takardar binciken.

"Na gode, ranka ya daɗe. Takardar tuhumar fa?"

"Haba Goggo, a manta da wannan. Ai magana ta wuce."

Ba ta wuce ba. Goggo ta je ofishin ajiyar fayiloli, akawu ya buɗe mata nata, ga takardar nan a sama, an huda ta an ɗaure da zare, an ba ta lamba arba'in. Ta ce ya cire. Ya ce abin da ya shiga fayil ba ya fita, ko shugaban jami'a bai isa ba. Sai dai wanda ya rubuta ya sake rubuta wata a ɗora a kai.

Dokta ya shiga wasan ɓuya. Yau yana taro, gobe yana aji. Goggo ta ɗauko kujerarta ta roba, duk lokacin hutun rana ta kafa ta a ƙofar ofishinsa ta zauna da abincinta a cinya. Ƙarfe biyu daidai ta tashi ta koma famfo, don kada a ce ta bar aiki. Duk wanda ya wuce ya gaishe ta, ta amsa da fara'a, idan ya tambayi lafiya ta ce takarda take jira. A rana ta huɗu sakatarensa ya leƙo ya miƙa mata takarda mai layi biyu. Ta ba Tabarau ta karanta mata. Wai bisa la'akari da shekarunta da daɗewarta a aiki, an yafe mata.

Ta karɓi takardar, ta tura ƙofar ba tare da ƙwanƙwasawa ba, ta ajiye masa a kan kwamfuta.

"Me na yi da za ka yafe mini?"

"Goggo, ko ma dai mene ne, kin saɓa umarni. Wannan gaskiya ce."

"Gaskiya ce. To rubuta umarnin, ka rubuta abin da ya biyo baya, ka sa hannu. Ni ba na son yafiya. Ka ajiye ta, wataƙila za ka buƙace ta."

Daga nan ta wuce wurin Farfesa, ta ƙi zama. Ta ce masa ya cire sunanta daga layin godiya idan wuri ne ya yi ƙaranci, ita shafi ɗaya take so a fayil. Ya yi ta lallashi, ya ce yaron yana da gaba, kada a karya masa gwiwa. Ta ce ita da ba ta da gaba, bayanta take nema a gyara mata. Sai ya jawo takarda ya rubuta da hannunsa cewa an janye tuhumar baki ɗaya, domin abin da ta yi shi ne daidai, kuma da shi aka gano kuskuren da ke cikin ƙa'idar gwajin. Kuskuren wa, bai rubuta ba. Ta lura, ta kalle shi, ya kawar da kai ya buga hatimi.

Ba ta yarda masinja ya kai ba. Da kanta ta je, ta tsaya a kan akawu har ya huda takardar, ya zura zare, ya rubuta arba'in da ɗaya a kusurwa. Ta sa ya karanta mata daga farko har ƙarshe.

"Shi ke nan, Goggo," in ji shi. "Duk wanda ya buɗe, wannan zai fara gani."

"Wanda ya ɗaga ta fa?"

Akawu ya sosa ƙeya. "Zai ga ta ƙasan."

"Da sa hannun Dokta a jiki?"

"Da sa hannunsa, da cikakken sunansa."

Goggo ta ɗan yi tunani. Ta sa yatsa ta danna takardun biyu, ta ja zaren ta tabbatar ya ɗauru.

"To bar ta," ta ce. "Kada ka kuskura ta ɓata."